Shekarar da Aka Ɗaure Pus-pus Ɗin Bawa Garuwa

Duk wanda ya zauna Lamorde, a ƙetaren gulbin Yamai, ya san Bawa Garuwa. Wanda bai san sunansa ba ya san kukan tayarsa. Tayar hagu ta pus-pus ɗinsa tana da wani tsiwa-tsiwa da babu man da ya taɓa kashewa. Mata sukan ji ta tun daga bakin lungu, su tashi su buɗe randuna.

Bagobiri ne, daga wani ƙauye bayan Tibiri. Ya zo Yamai cin rani yana saurayi, a shekarar da hatsi ya ƙi, da niyyar komawa in ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka, shi bai koma ba. Da sanda a kafaɗa ya fara, tuku, wato garwar ruwa, ɗaya gaba ɗaya baya, har yau fatar kafaɗarsa ta dama kamar tafin ƙafa take. Daga baya ya sami pus-pus, wato kurar ƙarfe mai taya biyu da ake jera wa bido-bido, jarkokin ruwa, ya dinga turawa daga pampon unguwa zuwa gidajen da ba su da ruwa, ko waɗanda pamponsu ya zama ado. Da wannan ya yi aure, ya kafa ɗakuna uku, ya aurar da 'ya'ya mata biyu, ya binne matarsa Jummai.

Ba mai magana ba ne. Ko “ga ruwa” da sauran suke kira shi ba ya yi, taya ce ke yi masa. In an yi haihuwa ko rasuwa a gida, sai a tarar randuna cike tun da safe, ba a ga wanda ya cika ba, ba a kuma tambaya. An sani.

Ƙasimu shi ne ɗansa na fari, kuma shi kaɗai ne namiji. Bawa mutumin da ne, ya riƙe kunyar ɗan fari yadda ya tarar ubansa ya riƙe tasa. Bai taɓa faɗin sunan Ƙasimu ba. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya dubansa ido da ido. In dole ta kama sai ya ce “wancan” ko “mutumin gidan nan”. Ranar da yaron ya ci jarrabawar lakwal, wato makarantar boko, Bawa bai ce uffan ba. Ya haye gada a ƙafa har Zongo, ya sayo takalmi, ya ajiye a bakin ƙofar ɗaki, ya koma aikinsa. Ƙasimu ya tashi a haka, ya kuma iya. Shi ma ba ya tunkarar uban da magana.

To, amma gida ba ya tafiya babu magana. Da Jummai na raye ita ke kai saƙo. Da ta rasu sai aikin ya koma wuyan Oumarou mai gyaran taya, wanda rumfarsa ke bakin titi kusa da pampo. Oumarou Bazabarme ne, Bawa Bagobiri, ka ga abokan wasa ne tun daga kakanni, babu maganar da ɗaya ba zai iya jefa wa ɗaya ba. A rumfar nan ake fada, a dafa shayi bayan la'asar, a zagi juna har magariba. Da Ƙasimu ya so auren Zahra'u, rumfar ya je. Da Bawa ya ga yaron na gudu da moto, wato babur, rumfar ya kai ƙara.

“Ka gaya wa mutuminka titin ba na ubansa ba ne.”

“Ai ko na ubansa ne, pus-pus za a tura a kai,” in ji Oumarou. Amma ya gaya masa, gudun kuma ya ragu.

Haka aka zauna lafiya har shekarar korona.

Ana cikin zafin bazara aka ce cutar ta shigo Yamai. Aka rufe lakwal, aka rufe masallatai, aka hana taro, aka sa dokar hana fita da dare. Sannan aka rufe garin kansa, ba shiga ba fita. Oumarou kuwa ya tafi ƙauyensu ta hanyar Tillaberi gaisuwar rasuwar wansa, ana gobe zai dawo aka datse hanya. Ya maƙale can. Rumfa ta zama wurin kwanan awaki.

Ƙasimu a farmasi yake aiki, shi ke miƙa magani. Kullum yana jin wane ya kwanta, wane an kai shi gidan likita ba a bar 'ya'yansa sun gan shi ba, kuma yawancinsu tsofaffi ne. Ya dubi ubansa, mutum ya haura saba'in, yana shiga gida-gida, yana taɓa ƙofar kowa da murfin randar kowa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaskiya. Wata yamma ya dawo da sarƙa da kwado, ya ɗaure pus-pus a jikin dogon yaron tsakar gida, ya sa makulli a aljihu. Gwamnati ta rufe gari, shi ya rufe gida.

Ya ce da matarsa, “Ki gaya wa Baba cutar nan tsofaffi take kashewa. Ki ce ba raini ba ne, in ta lafa zan kwance.”

Zahra'u suruka ce, ita ma kunyar na kanta. Ga cikin fari ya tsufa, abin da ya ƙara mata nauyin tsayawa gaban tsohon. Ta je ta durƙusa nesa, kanta a ƙasa, doguwar maganar ta narke mata a baki.

“Baba, an ce ka huta.”

Bawa ya dubi sarƙar, ya dubi ƙasa.

“To. A ce an gode.”

Ƙasimu ya ji “an gode”, hankalinsa ya kwanta.

Da farko Bawa ya nemi abin yi. Ya ɗauki tsintsiya, Zahra'u ta zo da gudu ta karɓe, don abin kunya ne a ga suruki na shara tana zaune. Ya ɗauki buta zai ɗebi ruwa, ta riga shi. Ya zauna. Mutumin da ƙafarsa ta saba zaga unguwa tun asuba, ta je masallaci, ta je rumfa, sai ga ta tsakanin ɗaki da bayi kawai. Abin da ya fi ci masa rai, pampon gidan ya ɗauke kamar yadda ya saba duk bazara, sai aka koma kiran wani garuwa ya kawo ruwa. Garuwa a gidan Bawa Garuwa. Da ya ji sallamarsa sai ya shige ɗaki ya saki labule.

Jiki ya fara ba da labari. Ƙafafu suka kumbura har takalmin roba ya ƙi shiga. Ciki ya ɗaure. Gwiwa ta sage, in zai tashi sai ya dafa bango. Barci ya gudu da dare, ya dawo da rana. Azumi ya kama, a kawo masa kunu da ƙosai ya sha ruwa, ya kurɓa sau biyu ya ture. Ya fara salla a zaune. Wata rana Zahra'u ta ga ya sallame la'asar, ya ɗan jima, ya sake tayar da ita, don bai tuna ya yi ba. Ya daina kunna rediyo. Ya juya kujerarsa ta fuskanci bango.

Ƙasimu ba makaho ba ne, yana gani. Amma abin da ya gani shi ne tsoho na ramewa, sai ya yi abin da ɗa nagari ke yi: ya ƙara hidima. Ya kawo maganin ƙarin jini. Ya kawo sabuwar katifa da fanka. Ya sa Zahra'u ta auna masa jini, aka ga jini ya hau, ya kawo maganin hawan jini. Ya sa a dinga dafa masa kaza. Ya hana ko maƙwabci leƙowa. Duk abin da aka kai, amsa ɗaya ce ke dawowa.

“A ce an gode.”

Me zai ce? Uba ba ya kai kukansa wurin ɗan fari, ba ya kuma mayar masa da kyauta. Wanda zai ɗauki maganar ya kai yana bayan shingen jandarman da ke tsare hanya.

Wata hantsi Zahra'u ta fito daga ɗaki za ta shanya, ta tsaya cak. Bawa ne tsaye a gindin dogon yaro, ba riga, ya kama hannun pus-pus da hannu biyu. Ya tura gaba har sarƙa ta miƙe ta ce ƙarau, ya ja baya, ya sake turawa. Taku ɗaya gaba, taku ɗaya baya. Tayar hagu na kukanta ƙasa-ƙasa. Bakinsa na motsi. Ta kasa kunne, sai ta ji yana lissafa gidajen da yake kai wa ruwa, yana ce wa Jummai ta jira shi, gidan Hasan tela ne ya rage.

Ta koma ɗaki da kayan shanyar a hannu, ta zauna bakin gado, ta yi kuka mai isarta. Da ta share ido ta ɗauki waya ta nemo lambar Oumarou.

“Baba Oumarou, Zahra'u ce, matar Ƙasimu.”

“Fofo, sannu ɗiyata! Kin sauka ne?”

“Tukuna. Baba ne.”

Ta faɗa masa duka, har da sarƙa, har da Jummai.

“Yaushe mijinki ke dawowa?”

“Gab da shan ruwa.”

“To, a lokacin zan kira ki. Ki buɗe muryar wayar duka, ki ajiye ta a tsakiya. Ki ce kurman nan ba ya ji sai an ɗaga.”

Da yamma Ƙasimu ya dawo, ya wanke hannu da sabuni a bakin ƙofa kamar kullum, ya zauna kan tabarmarsa ta gefen ɗakin girki. Uban na can ƙofar ɗakinsa, fuska ga bango. Zahra'u ta kifa turmi a tsakaninsu, ta ɗora wayar a kai.

“Baba, ga Baba Oumarou yana gaisuwa.”

Murya ta fashe a tsakar gida kamar ta mai shela.

“Ina Bagobirin nan mai fuska kamar kaji sun yi tono? An ce mini an ɗaure ka ana ba ka dusa. Layya da saura, me ake gaggawa?”

Bawa bai juyo ba. Amma kafaɗarsa ta motsa.

“Ka mutu ne? In ka mutu ka faɗa mini, in zo in gaji pus-pus, dama tayoyin nawa ne.”

“Tayar da ka kasa gyarawa?” Muryar ta fito a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. “Ɗan cin ganye. Ka samu zogalen banza a ƙauye ka ƙi dawowa.”

“Alhamdu lillahi, yana da rai! To gaya mini, me ke damunka?”

“Ba komi.”

“Ƙarya kake, da azumi a bakinka.”

Bawa ya san wanda ke zaune bayansa. Ya kuma san ba da shi yake magana ba, da Bazabarme yake, wannan kuwa babu kunya a ciki.

“Ƙahwa ce,” ya ce.

“Ƙafa ta yi me?”

“Ba ta da wurin zuwa.” Ya ja numfashi. “Oumarou, ni ban san zama ba. Ban koye shi ba. Ina kwana ban gaji ba, in tashi ban san ko wace rana ce ba. Wani ke kawo ruwa gidana. In cutar ce, ta zo ta same ni bisa ƙahwata. Wanga abu da ake yi mini, na san alheri ne, amma shi ke kashe ni.”

Zahra'u na tsugune bakin murhu, ludayi a hannu, kunu na neman ƙonewa.

“Ƙasimu,” in ji wayar, “kana nan?”

“Ina nan, Baba Oumarou.”

“Tsohon nan ya ce in gaya maka ƙafarsa ba ta da wurin zuwa.”

“Na ji.” Ƙasimu na kallon tabarma. “Baba Oumarou, ka gaya masa ina ganin abin da ba ya gani. Ana ɗaukar tsoho a tafi da shi, 'ya'yansa ba su ƙara ganinsa, ko wanka ba su yi masa. Inna ta tafi ina riƙe da hannunta. Shi in aka ɗauke shi haka, ni ina zan sa kaina? Ka gaya masa shi kaɗai ya rage mini.”

Ya kai hannun riga ya goge fuska.

“Bawa, yaron ya ce...”

“Ba kurma ba ne ni,” in ji Bawa.

“To madalla, kun hutar da ni, kuɗin waya ba ubanku ke biya ba. Ku saurara, wawaye biyu. Kai Ƙasimu, jakin aiki ka ɗaure, ba ragon Salla ba. Kai kuma tsohon banza, yaron bai yi ƙarya ba, cutar nan gaskiya ce, a nan ma muna jin labari. In ka fita za ka rufe wannan mummunar fuskar, dama an gaji da ganinta. Ba shiga ɗakin kowa, ba musabaha, ka zuba ruwa a bakin ƙofa ka wuce. Kala suru, in ji mu Zabarmawa, kowa ya yi haƙuri da rabi. Ɗiyata, ina jin ƙaurin kunu tun daga nan.”

Zahra'u ta zabura ta sauke tukunya. Aka ji ladan daga nesa, shi kaɗai a masallacinsa, yana kiran salla yana cewa a yi a gida. Ƙasimu bai ce ya yarda ba, Bawa bai tambaya ba.

Da gari ya waye Bawa ya dafa bango ya fito. Ƙasimu ya riga ya tafi aiki. Sarƙar na nannaɗe a gindin dogon yaro. An hura tayoyi, an goge hannun pus-pus. A jikinsa an rataye takunkumin rufe hanci da baki, da guntun sabuni a leda. Bido-bidon kuwa an rage su, an bar masa kaɗan, sauran an ɓoye inda ba zai gani ba.

Ya daɗe tsaye. Sannan ya ɗaura takunkumin, a karkace, ya tura ƙafa cikin tsohon takalmin da Zahra'u ta tsaga wa baki, ya kama hannun ƙarfen.

Ba a yi abin mamaki ba. Ranar farko da ƙyar ya kai pampo, sai da ya zauna bakin rumfar Oumarou cikin kashin awaki yana haki. Ya dawo da bido biyu, rabi-rabi, gumi har gwiwa. Amma da ya shigo lungu, matar Hasan tela ta ji taya, ta leƙo ta katanga ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya.

“Baba Bawa! Mun ce ko ka koma Gobir!”

“Koma ciki,” ya ce ta bayan takunkumi. “An hana taro.”

Ruwan farkon nan bai kai gidan kowa ba. Ya juye shi a bokiti, ya ja bokitin da kansa, Zahra'u na gani ba ta karɓa ba, ya ajiye a bakin ƙofar ɗakin Ƙasimu. Ya koma ya kwanta, ya yi barcin da rabonsa da shi tun kafin azumi. Da aka sha ruwa ya shanye kununsa, ya tura kwanon gaba, wato a ƙaro. Ƙasimu kuwa tun da ya dawo ya ga bokiti. Bai tambayi kowa ba. Ya ɗauka ya shiga wanka, ya daɗe bai fito ba.

Kumburin ya sauka a hankali. Bayan ya warware Zahra'u ta dinga fito da bido ɗaya-ɗaya daga inda aka ɓoye, shi kuma yana yi kamar bai lura ba. Maganin hawan jini bai rabu da shi ba har yau, gwiwar hagu ma ba ta koma daidai ba, tana ja kamar tayar da ke gefenta. Zaman nan ya ci abin da ya ci. Amma bai sake kiran Jummai da rana tsaka ba, kujerar kuma ta juyo ta fuskanci ƙofa.

Kafin Salla aka buɗe masallatai, aka buɗe gari. Oumarou ya sauka daga motar farko da buhun zogale a ka, ya tarar an share masa rumfa, an cika tsohon bahon da yake gwada taya da ruwa.

“Wane ɓarawon ya taɓa mini kaya?”

“Wanda zai gaje su,” in ji Bawa daga kan benci.

Ranar Idi Bawa ya tafi filin salla da ƙafarsa, ya yi ta a tsaye. Ƙasimu na sahun baya, can gefe, inda ba za su haɗa ido ba. Da aka sallame bai tashi ba sai da ya ga tsohon ya miƙe ba tare da ya dafa kowa ba.

Yanzu gidaje kaɗan Bawa ke kai wa ruwa, na kusa, da sanyin safiya. Ƙasimu ya sa an ja sabon pampo har tsakar gida, amma bai ƙara cewa a huta ba. In ya ga tayar ta yi laushi, sai ya tura pus-pus rumfa da kansa kafin tsohon ya fito, ya ce, “Baba Oumarou, a duba masa.” Oumarou ya hura, ya ɗiga mai a tayar hagu, ya juya ta. Ta yi kukanta kamar kullum.

“Bar ta haka,” in ji Ƙasimu. “In na ji ta daga ɗaki, na san ya fita.”